Baƙin da Inna Ta Ce

Mijina mai fenti ne, ko in ce a da mai fenti ne. A Tahoua ya koyi aikin, kuma in ya fara zancen launi sai tuwo ya huce bai sani ba. Shi ya koya mini cewa bango mai haske yana buɗe ƙaramin ɗaki, mai duhu kuma ya matse shi, shuɗi yana sanyaya ido, ja yana hana mutum zama wuri ɗaya. Ina yi masa tsiya, in ce da bango ya yi aure ba da ni ba.

Yayana kuwa ɗan kokawa ne kafin ya tafi Abidjan neman abinci. Hannunsa ya fi bakinsa sauri tun muna yara. Daga can ya sa aka gina wa Inna, mahaifiyarmu, ɗakin siminti a gidansa na Tahoua, don ta baro ƙauyenmu da ke bayan Tebaram. Fenti ya rage, ya ce mijina ya yi.

Na kira Inna a waya na tambaye ta launin da take so. Ta ce, "Baƙi nika so." Mijina ya karɓe wayar. Ya ce, "Inna, baƙi hwa? Ɗakin ƙarami na, zahi za shi riƙe. Ko mu sa ruwan ƙasa?" Ta ce, "Baƙi nic ce. Ni ka kwana ciki ko kai?" Sai layi ya yanke. Wanda ya san Inna ya san ba a tambayarta abu ɗaya sau uku.

Ransa bai so ba, amma ya yi. Ya shafe bangon da baƙi wuluk. Don kada wurin ya zama rami, ya ce zai yi rufin da fari tas, ya zagaye taga da ruwan ƙwai. Yana bisa tsani yana wannan farin ne da hantsi, ni kuma na kawo masa fura, yayana ya sauka daga mota.

Ashe tun a bakin titi masu shayi sun tare shi da dariya, sun ce sun ga kabarin da ya gina wa tsohuwarsa, har da taga. Dama can bai taɓa son aurena ba. Ya shigo da jaka a kafaɗa, ya leƙa ɗakin, idonsa ya kaɗa.

"Wa yay yi wanga aiki?"

Mijina ya juyo daga sama ya ce, "Sannu da zuwa, Yaya. Inna ta..."

Bai ƙarasa ba. Yayana ya fizge tsanin. Mijina ya faɗo a kan kafaɗa, bokitin fenti ya kife a kansa. Kafin ya share ido an shaƙe shi an buga da bango, an sake bugawa. Ina ihu ina cewa Inna ce ta ce, amma yayana ba ya jin komai. "Uwata kaka yi ma hwatan mutuwa?" Ya ja shi har bakin ƙofa, ya taka hannunsa na dama a kan dokin ƙofar, ya ɗora dukan nauyinsa. Na ji ƙarar. Har yau ba na iya tsayawa kusa da mai karya kara.

Na rarumi sandar da ake ɗaura buroshi na sheme yayana a ƙeya. Bai ko juyo ba. Na kafa masa haƙori a damtse sai da na ji gishirin jini. Maƙwabta suka cika gidan, maza suka danne shi da ƙyar. Jinin goshin mijina na ɗiga cikin farin fentin da ya malale a ƙasa, yana komawa wani launi mai taushi irin na alewar yara. Na tsani idona da ya lura da wannan.

Aka kai mijina likita, daga baya aka kai wa maɗori. Yatsu sun haɗe, amma a karkace.

Washegarin faɗan Inna ta iso cikin motar kasuwa. Ta tsaya a ƙofar ɗakin ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Mi na wanga?" Na ce mata cikin fushi, baƙin da ta ce ne, ga shi ta samu. Ta kwance ƙullin kayanta, ta fito da rawanin mahaifinmu, wanda ya rasu ina ƙarama. Rinin shuni ne mai duhu da ƙyalli, irin wanda ke barin shuɗi a goshin mai shi. Ta ɗaga shi a rana ta ce, "Ga baƙin da nic ce."

A ƙauyenmu haka tsofaffi ke kiran wannan launi. Ba wanda ke cewa shuɗin rawani, baƙin rawani ake cewa. Mijina ɗan birni ne, a gwangwanin fenti ya san baƙi. Ni an kawo ni makaranta Tahoua tun ban yi wayo ba. Amma yayana, da ya yi kiwo a bayan mai wannan rawani, da ya tsaya ya ji kalma ɗaya, shi ne zai fara ganewa. Wannan ne ban yafe masa ba.

Yayana ya durƙusa gaban Inna ya ce zai kawo wani mai fenti a ranar. Inna ta ce, "Wanda yaf fara shi ka ƙarewa. Ba wani hannu da za shi taɓa bangon ga."

Daga baya mijina ya ga rawanin. Ya ce abu ne mai sauƙi, shuɗi ne da ɗigon baƙi da ɗan ja kaɗan, har ya haɗa shi a murfin gwangwani da hannun hagu, ya fito daidai. Amma hannun dama ba ya riƙe buroshi. Yanzu yana tsaron shagon wani, yana miƙa wa masu fenti gwangwani.

Inna na nan cikin ɗakinta, bango baƙi, rufi rabi fari. Zafi na gasa ta a bazara, ta ƙi fita, ta ƙi a gyara. Duk lokacin da yayana ya zo gida, a nan take karɓar gaisuwarsa. Ba ta fitowa tsakar gida. Sai ya tuɓe takalmi a kan dokin ƙofar nan, ya shiga ya durƙusa.