Ranar da Mai Zabi Ya Wuce Isaka

Har yau ranar Lahadin da mahaifin Isaka ya yi sallama a ƙofar gidana ba ta fita daga raina ba. A lokacin na riga na ajiye aikin koyar da motsa jiki a kolej, amma ban daina horar da masu tseren keke na Filingue ba. Ina ba ku wannan labari ne, ku da kuka karɓi aikin daga hannuna, domin na lura kun fara sassauci.

Da kakar waccan shekara wani tsohon ɗalibina ya aiko mana da na'urar auna ƙarfi daga Turai. Ga wanda bai san ta ba: a feda ake ɗaura ta, tana auna ƙarfin da ƙafa ke zubawa, ta nuna shi da lamba a ɗan allon da ke kan kambun keke. Lambar ana ce mata wat. Gudu yana yaudara, domin iska da gangara suna taimakon rago, amma wat ba ya yi wa kowa kara.

Na'urar ɗaya ce, gurbin da aka ba yankinmu a tseren zaɓen 'yan wasan ƙasa a Yamai shi ma ɗaya ne. Na ɗaura ta a keken Isaka, ɗan wani manomi daga cikin ƙauyukan Kurfai. Ƙarfi kam Allah ya ba shi. Aibinsa shi ne ba ya jure ganin bayan kowa, saboda haka kullum shi ke gaba a farkon tsere, shi ke baya a ƙarshensa.

Tsarin da na shimfiɗa masa ba shi da ado. Farkon kowane wata a gwada iyakar ƙarfinsa, daga nan a fitar da lambar ranakun wahala da ta ranar sauƙi. A ranar sauƙi akwai iyakar da ba a ƙetarewa ko da me ya faru, domin a ranar ce jiki yake gina abin da wahala ta rushe. Da gangan na sa ta ranar Lahadi, ranar kasuwa, lokacin da hanya take cika. Ya roƙe ni in canza, na ƙi. A makarantar mishan an koya mini cewa darasin da yaro ke gudu shi ne darasinsa.

A wannan Lahadi wani Bazabarme mai sayar da zabi, Hamani, abokin wasan Isaka, ya cim masa a kan tsohon keke ɗauke da akurki. Ya wuce shi a gaban jama'a yana tambayarsa ko ya ɗauko shi tare da zabin. Mata masu tallar nono suka yi ta dariya. Da Isaka ya dawo, ya jingine keken ya zauna, idanunsa jawur. Na duba na'urar. Ko sau ɗaya bai ƙetare iyakar ba.

Bayan la'asar mahaifinsa, Malam Arzika, ya iso. Labari ya riga shi zagaye kasuwa. Bayan mun gaisa ya ce ya zo ne ya tafi da ɗansa gida, tun da gona ba ta kunyata mai ita.

"Mushe," ya ce, kamar yadda ake kiran malamin boko a wajenmu, "mu Kurfayawa ba a wuce mu muna kallo. In ɗana ba shi da lafiya, a gaya mini. In ƙarfen nan ne ya ɗaure shi, a kwance."

Na san idan ya tafi da shi, horon watanni ya rushe, gurbin kuma ya tafi. Ban yi masa bayanin wat ba. Na tambaye shi, a ranar gayya, wane manomi ne makaɗa suke zugawa da hantsi, wane ne kuma ake samu riƙe da hauya da la'asar. Ya ce ba kasafai suke zama mutum ɗaya ba.

"To, Malam, ɗanka na la'asar nake gina maka. Abin da ya yi yau ya fi masa wuya a kan duk wani tudu da ya taɓa hawa."

Ya dubi Isaka, ya miƙe, ya ce ya bar mini shi zuwa ranar tsere, ba ƙari.

Lahadi bayan Lahadi Hamani ya ci gaba da wuce shi. A Yamai, da aka saki tsere, wasu samari suka fice kamar an kora su. Isaka ya dubi allonsa ya bar su suka tafi. Kafin zagayen ƙarshe ya tsince su ɗaya bayan ɗaya. Na biyu ya zo, kuma an ɗauke shi cikin 'yan wasan ƙasa.

Abin da na koya shi ne, na'ura ba ta ƙara wa kowa ƙarfi, gaskiya kawai take faɗa. Kuma a wannan sana'a samun mai ƙarfi ba wuya, mai iya riƙe ƙarfinsa ana yi masa dariya ne ya yi ƙaranci.

Hamani har gobe yana shela a kasuwa cewa a duk Kurfai shi kaɗai ya taɓa wuce ɗan wasan ƙasa. Malam Arzika ne yake fara ba shi shaida.