Robar da Ta Saki a Tsakiyar Komadugu

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, amma ban da ranar da iska ta gudu daga robar da ba ta huje ba.

Shekarar nan Komadugu ta cika har ta raba gonata da hanya, ga busasshen tattasaina a gonar, kwalekwale kuma babu. Busasshen tattasai bai son ruwa, in ya jiƙe ya tashi daga aiki. Sai na samo robar cikin tayar babbar mota, mai faci a Diffa ya cika mini ita da iska da tsakar rana, ta yi tauri kamar ganga. Na ɗaura mata katako, na aza buhu biyu, na shiga ruwan mai sanyin tsiya ina turawa.

A tsakiya sai na ji robar ta yi laushi. Katakon ya karkata, buhun ƙasa ya fara shan ruwa. Da ƙyar na kai gaɓa.

Na saɓo robar cikin rana har Diffa, ina huci.

"Ka ba ni hujajjiyar roba!"

Mai faci ya matsa ta. Tauri kamar ɗazu. Ya tsoma ta a kwano, ko kumfa ɗaya babu.

"Malam, ko dai kanka ne ya huje?"

Wallahi har aljanun ruwa sai da na zarga.

Ƙanin matata mushe ne, wato malami, a lakol, makarantar boko. Da ya ji labarin sai ya kama dariya.

"Yaya, iskarka ba ta je ko'ina ba. Sanyi ta ji ta takure, ta sha rana ta kumbura."

Ya duƙa yana zane a ƙasa. Wai zafin robar da sanyin ruwan, kowane sai an ƙara wa awonsa ɗari biyu da saba'in da uku kafin a raba ɗaya da ɗaya. Wai nauyin buhunan ma yana matse ta.

Na ce, "Ɗari biyun nan daga ina ka samo su?"

Ya sake bayani, na ƙara ruɗewa. Abin da na kama kawai, kusan kashi ɗaya cikin goma na girman iskar ya ragu. Buhuna kuwa rabinsa ya yi baƙi.

Har yau lissafin nan bai shiga kaina ba. Amma na koyi kada in yarda da abin da na gwada a rana alhali a ruwa zai yi aiki. Yanzu sai robar ta kwanta a kogi ta huce, in ƙara mata iska, sannan in aza buhu. Ɗaya tak.