Ranar da Dalma Ta Tsallake Kakarta

Shekara ashirin ina sayar da burodin rogo a kasuwar Villarrica, kusa da teburin wata dattijuwa, Ña Crescencia, mai daka ganyen tereré, shayin sanyi da muke sha a garinmu. Matar nan ba ta san tsoro ba. Ta taɓa korar ɓarawo da taɓarya, ta dawo ta ci gaba da dakanta. Sai bara na ga tsoro a idonta, a kan jikarta Dalma.

Shekarar yarinyar huɗu. Uwarta Nilsa ma'aikaciyar jinya ce, in za ta fita sai ta damƙa mata tsohuwar waya don a samu lafiya. To fa! Kira goma, Dalma ko ɗagowa ba ta yi. Malamarsu ta ce a je a duba kunnenta, asibiti kuma suka ce sai bayan wata biyu.

"Ƙawata," in ji Crescencia, "ƙanena kurma ne. Na ga irin rayuwar da ya yi."

Wata Lahadi muna zaune gidanta a gindin mangwaro, zafi kamar ya kashe mutum. Crescencia ta fizge wayar, ta jefa a turmi, ta zauna a kai. Dalma ta fasa ihu tana birgima.

"Haba Mama, ba ta mana mu huta!" in ji Nilsa.

"Ke rufa min baki. Ke ma kamar da wayarki a hannu aka haife ki."

A wurinmu ƙaramin yaro a gida ne ke zuba ruwan sanyi a kan ganyen tereré a kofin ƙaho, ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya. Ba ka cewa "na gode" sai ka ƙoshi, daga nan a riƙa tsallake ka. Da kuka ya lafa, Crescencia ta ɗora wa Dalma kofin da 'yar buta a hannu, ta nuna mata mu. Rabin ruwan a ƙafata ya ƙare.

A zagaye na uku Crescencia ta sha, ta mayar da kofin. Ta bari sai da yarinyar ta juya baya, sannan ta ce "na gode" can ƙasa-ƙasa. Ni da ke gefenta da ƙyar na ji.

Dalma ta ba ni, ta ba uwarta. Ta zo gaban kakarta, ta wuce abinta.

"Ke 'yar nema, ni fa?"

"Ai kin ce kin gode, Kaka."

Wallahi ni ma sai da na yi hawaye. Crescencia tana kuka tana dariya, Nilsa ta kife wayarta a cinya.

An je asibitin duk da haka, kunne lafiya lau. Yanzu waya rabin awa ce bayan abincin rana, sai ta koma turmi. Crescencia kuwa tun ranar ba ta sake cewa "na gode" ba. Ko cikinta zai fashe sai ta karɓa, don dai yarinyar ta sake tsayawa a gabanta.