Ranar da Na Sa Rigar Maigida Saboda Birai

Shekarar da na haifi ɗana na fari, masarar rani muka shuka a bakin kurmi, can wajen Baturiya. Da ta fara nuna sai maigidan ya tafi kamun kifi, gadin gona ya faɗo kaina. Masarar nan kuwa ita ce tuwonmu har damina.

Birai ba sa tsoron mace. Na buga gwangwani, na yi ihu har muryata ta dishe, amma wani ƙato mai jan gashi ya zauna yana ɓare masara yana kallona, kamar na zo gaishe shi. Ni kuma rabin hankalina yana kan yaron, don na taɓa jin wai suna ɗaukar jarirai.

Da na kai kuka wurin Inna, uwar mijina, sai da ta gama dariyarta tukuna.

"Ke 'yar nan, biri zane yake dubawa. Sa rigar mijinki da malafarsa, ki saɓa sanda. Kuma ki bar tafiyar nan taki ta amare."

Washegari na kwantar da yaron a inuwar kanya, na zura riga har ƙasa, na ja malafa, ina taku ina gyaran murya. Wallahi suka watse. Duk suka haye bishiyoyi suna leƙe. Har na fara jin kaina.

Sai yaron ya farka. Na ruga na sunkuya, ya ga wani baƙon gardi a kansa, ya ƙwalla ƙarar da ban taɓa ji ba. Na ba shi nono ya ƙi. Na ce ni ce, ni ce, ina! Na jefar da malafa, na tuɓe rigar, sannan ya kama yana ajiyar zuciya.

Ina ɗaga kai na ga suna saukowa ɗaya bayan ɗaya, ba ko gaggawa. Ina zaune ina shayarwa suka karye gefen gonar nan tas.

Inna ta zo da azahar da fura, ta dubi kararen, ta dubi rigar a ƙasa, ta karɓi jikanta.

"Kai angona, kai ka tona mata asiri? To gobe kana gida wurina. Ke kuma mu ga wa za ki tuɓe wa."

Abin da ya rage dai ya kai mu damina, amma da ƙyar.