Piyano Mai Jan Maɓalli

Ƙanena yana da raina mutane, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Shekara talatin yana kaɗa piyano a bayan mawaƙa, ana ce masa Yatsa Goma. In ya ga wani da irin piyanon nan mai buga ganga da kansa, a gaban jama'a zai ce, "Malam, rediyo ka ɗauko ko kiɗa ka zo yi?"

Nasa mai madannai tamanin da takwas ne, masu nauyi, sai mutum biyu ke ɗora shi a dandamali. In ya shafa shi ya yi raɗa, in ya doka ya yi tsawa.

Sai ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ƙafar ta warware, hannun ya ƙi, yatsa ɗaya kaɗai ke motsi. Mawaƙin da yake yi wa kiɗa ya ba shi wata guda: ko ya dawo, ko a sa wani.

Ni na raka shi shagon kayan kiɗa. Mai shago ya jera masa uku. Na farko irin nasa ne, ya shafa ya wuce. Na biyu ba nauyi, muryoyinsa sun fi ɗari, amma hannu biyu yake so. Na uku yana da jan maɓalli. Mai shago ya ce, "Wannan da ka danna, ganga da jita za su tashi. Yatsa ɗaya na hagu ya ishe ka ka juya su."

Na ce, "To, ga rediyonka nan."

Ya ce, "Yaya, ko ki yi shiru ko ki jira ni a waje."

Na ukun ya ɗauka, ya koma aiki. Cikin mako uku mawaƙin ya lura ganga tana fitowa daga akwatin piyanon, ya sallami mai ganga. Mai gangan nan shekara ashirin suna tare da ƙanena, 'ya'yansa biyar, kuma shi ya goya ƙanena zuwa asibiti ranar da ya faɗi. Ƙanena ya ci gaba da kiɗansa. Da na yi masa magana ya ce, "Ni na kore shi?"

Na ce, "Kai ne."

Kafin shekara ciwon ya dawo, ya karkatar masa da baki. Mai ganga bai zo dubiya ba, ban kuwa ga laifinsa ba. Yana can tasha yana dakon kaya.

Kwana biyu kafin ya cika, ya kira ni da matarsa bakin gado. Da ƙyar muke gane abin da yake faɗa.

"Mai jan maɓallin nan, ku kai wa mai ganga. Ku ce masa ba wuya, a mako ɗaya zai iya. In ya ƙi karɓa, kada ku dawo da shi. Ku ajiye masa a ƙofa ku taho."