Gurbi Biyu a Tsohuwar Maƙabartar Dudunni

Damina tara ke nan da muka binne Gwaggo Tabawa, yayar mahaifina, a Dudunni. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, ni kuwa bana ban ji daɗi ba.

Gwaggo ba ta son kalmar tarihi. Na taɓa gaya mata abin da malaminmu na Kankia ya ce, wai daga Larabci muka aro ta, asalinta sanya wa abu rana da wata. Ta taɓe baki ta ce, "To ni ban san wata ba, mutane na sani." A wurinta mai rai labari gare shi, sai an manta fuskarsa ake cewa ya zama tarihi. Da ta ga yau, da yaro zai ci ƙwallo a ce ya kafa tarihi, da ta yi dariya har ta ƙware.

Hanyar gonarmu ta bi gefen tsohuwar maƙabarta, wadda ba ta da alama sai fasassun tukwane. Kullum da hantsi Gwaggo kan tsaya a bakin hanya ta yi sallama, ta kira mamatan da sunayensu, tana ɗan saurarawa kamar mai jiran amsa. Daga ƙarshe sai ta juya gindin wata aduwa, inda babu kabari, ta gaida wuri biyu. Na tambaye ta su wane ne. Ta ce, "Mi kake ci na baka na zuba? Masu wurin ba su iso ba tukuna."

Ranar da ta rasu, masu haƙa kabarin baƙi ne daga ƙauyen Boko, ba wanda ya nuna musu wuri. A gindin aduwar suka haƙa.

Bana tukwanen sun nutse, ƙanena Sabi'u kuma yana son faɗaɗa gonar gyaɗa. Aka kira ni in nuna iyakar kaburbura, tun da ni na fi bin Gwaggo. Na tsaya inda take tsayawa, sunaye kaɗan suka zo bakina, sauran sun ɓace. Na ji kunya, na ji tsoro, don duk wanda na manta garma za ta bi ta kansa.

Abin da ya rage na Gwaggo ke nan: 'yan sunaye a bakin mai mantuwa. Sabi'u ya nuna filin da ke kusa da kabarinta ya ce, "Yaya, nan dai ba kowa." Na ce ya bar shi. Ban gaya masa ba, in Gwaggo ta gaida wuri na biyun, ni take kallo.