Abin da Mama Saratu ta ce mu rubuta a Zurmi

Ana kiran sallar asuba muka fito daga Gusau, mu uku: ni daga zumuntar mata, da fastonmu, da wani dattijon ikilisiya. Majalisar gunduma ce ta aike mu Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi mu dubo lafiyar ikilisiyoyi. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a labarai ke zuwa mana barkatai, har wasu na cewa a rufe reshen Zurmi, a janye mai bisharar da ke can. Aka ba mu takardar tambayoyi mu cike. Ni dai murna nake, ban taɓa wuce Ƙaura ba.

A tasha aka fara raba mu, don yanzu motar mata daban. Na samu kaina tsakanin wata Bafulatana da ƙwaryar nono a cinya da wata tsohuwa mai kaji biyu. Kafin mu yi nisa tsohuwar ta ba ni goro, ta kuma san sunayen 'ya'yana duka. Gero ya yi kai, hagu da dama sai kore.

Ƙaura garin jirgin ƙasa ne, kuma ikilisiyar can ta tara kowace ƙabila. Mawaƙa suka tarbe mu da ganga da tulu, har dattijon namu ya manta da ciwon gwiwa ya taka rawa. Takarda ta cika da amsoshi masu daɗi. Sai da na keɓe da mata na tambaye su ko akwai wadda ta daɗe ba ta zo sujada ba. Suka kalli juna. Da ƙyar aka tuno wata gwauruwa da ta koma garinsu tun kafin damina, ba wanda ya raka ta tasha. Takardarmu ba ta da gurbin wannan.

Shinkafi mun dace da ranar kasuwa. Raƙuma, albasa tuli-tuli, ga mutanen Nijar da rawunansu. Na sayi kilishi, mai kilishin ya ce, “Hajiya, ƙara naira biyar ki tahi da duka.” Fasto ya yi ta tsokanata da Hajiya har muka bar garin. A majami'a kuwa rabin kujerun ba kowa. 'Yan kasuwa da dama sun mayar da iyalansu gida, suna jiran ganin yadda za ta kaya. Amma waɗanda suka rage sun ɗauko karatun Littafi Mai Tsarki gida-gida, kuma tambayoyinsu sun sa fasto gumi.

Don zuwa Zurmi sai da muka dawo Ƙaura muka canza mota. Ramukan hanya suka jijjiga mu son ransu. Majami'ar ɗaki ɗaya ce ta laka, na ƙirga mutum goma sha ɗaya. A bencin baya wata mace mai jiki ta zauna ita kaɗai. Mai bishara ya ce Mama Saratu ke nan, shekaru tana ƙarƙashin horo saboda dafa burkutu, ba ta cin jibin Ubangiji. Da sabuwar doka ta zo, ta kife tukwanenta.

Dattijo ya washe baki. Ga abin da zai ceci Zurmi a gaban majalisa! Ya ɗaga biro ya ce, “To, madalla. Mu rubuta mutum ɗaya ta tuba.”

Mama Saratu ta miƙe. “Baba, kada ka rubuta haka. Ni tsoron bulala ya sa na daina, ba tsoron Allah ba. Da za a janye dokar gobe, ban san abin da zan yi ba.”

Fasto ya juya ga mai bishara ya ce, “Malam, ka san da wannan?”

“Na sani, Baba Fasto. Shi ya sa ban mayar da ita teburin jibin Ubangiji ba. Na san ana batun rufe mu, amma ba zan ƙara lissafi da ƙarya ba.”

Daga baya matan suka ba ni sauran labarin. Ranar da sana'arta ta mutu, su da a da ko gaisuwarta ba sa son amsawa suka kai mata gyaɗa, suka koya mata ƙuli-ƙuli. Yanzu duk Laraba a gidanta ake addu'a. Da za mu tafi ta riƙo hannuna ta ce, “Ɗiyata, ki gaya wa manya ina kan hanya, ban dai iso ba. In suka rufe ɗakin nan, ina zan iso?”

A tasha, kafin a raba mu, muka yi ta gardama mai daɗi, kowa na katse kowa, har muka tsaya a magana ɗaya: Zurmi ba za ta rufu ba. Fasto ya juya takardar, ya rubuta maganar Mama Saratu a bayanta yadda ta faɗe ta.

Mun shigo Gusau da la'asar, ƙafafuna a kumbure. Majalisa ta saurare mu, ta bar mai bishara a wurinsa, ta kuma tura saƙo Ƙaura a nemo labarin gwauruwar nan. Ni kuwa na tafi da niyyar ƙirga kawuna, sai na gane lafiyar ikilisiya tana wurin da mutum zai tashi ya faɗi gaskiyar da ba ta yi masa kyau ba, a bar shi ya zauna, a kuma ci gaba da jiransa. Ranar Lahadi na shiga majami'armu mai cike da mutane, na nufi bencin baya, don ban san sunan ko ɗaya daga masu zama can ba.